Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Masu Fassarar Labarai: Kun Naɗa wa Ɓarawo da Sallama Rawanin Jarumta

Zuwa ga editoci, masu fassara da masu karanta labarai na gidajen rediyon Hausa, na gida da na ƙetare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku sannu da aiki, domin na san aikin. Ni tsohon tafinta ne. Shekara 26 na yi a tsaye tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma a kotun majistare, ina kwaso magana daga Turanci in zuba ta a Hausa, in kwaso ta Hausa in mayar. Na san yadda kalma ɗaya take maƙale wa mutum a wuya alhali kowa ya zuba masa ido. Naku ma ya fi nawa wuya, tunda ni alƙali yakan jira ni in yi gyaran murya in kurɓi ruwa, ku kuwa agogo ba ruwansa da kowa. Don haka abin da ke tafe da ni ba neman faɗa ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wata safiya cikin hunturun da ya wuce ina zaune a bencin mai shayin unguwarmu, rediyonsa na rataye a ƙusa kamar kullum, sai aka sako rahoto kan wani shugaban kamfani a Amurka. Kamfanin ya durƙushe a hannunsa, an sallami ma'aikata, masu hannun jari sun tafka asara, shi kuma ya miƙa takarda yana neman a biya shi ladan ƙwazo. Aka ji ta bakin wani mai sharhi. Kamar yadda kuka saba, an bar muryar Baturen ta fito na ɗan lokaci kafin fassara ta hau kanta, don haka na ji kalmar da kunnena. Sai mai fassara ya ce: "Ya ce lallai wannan mataki yana buƙatar jarumta."

Wani direban tifa da ke kusa da ni ya ajiye kofinsa, ya jinjina kai, ya ce, "Kai, namijin duniya!"

Ba zan faɗi sunan tashar ba, don tun daga ranar na kasa kunne, kuma na sake jin irin wannan a wurin da ba nan ba. Abin da ya dame ni shi ne Baturen zagin mutumin ya yi, amma kafin zagin ya iso bencin mai shayi ya rikiɗe ya zama kirari. Direban nan ya tashi ya tafi ɗaukar yashi da tunanin cewa a Amurka ana tafa wa wanda ya kashe kamfani ya nemi lada.

Kalmar ita ce wadda Turawa ke rubutawa chutzpah. Ku yi haƙuri in ɗan ja ku zuwa asalinta, don sai an san gidan su mutum ake sanin irin tabarmar da za a shimfiɗa masa.

Da farko dai ko a Turanci baƙuwa ce, kuma rubutunta na yaudarar baki. Harufa biyun farko ba irin sautin farkon ciki ko cokali ba ne. Sautin maƙogwaro ne, irin na farkon sunan Khalid a bakin Balarabe, wanda mu muka lallasa ya koma Halidu, kamar yadda muka yi wa Hadiza da Alhamis da alheri. Ke nan hutspa ake cewa. Wata 'yar majalisar wakilan Amurka daga jihar Minesota, Michele Bachmann, ta taɓa furta ta da sautin ciki a talabijin a 2011 tana sukar Shugaba Obama, aka yi kwanaki ana yi mata dariya. Da kalmar za ta zauna a garinmu ta yi shekara goma, na tabbata hutsufa za ta koma, tunda bakin Bahaushe ba ya barin baƙi uku su yi cunkoso ba wasali a tsakani.

Tushenta harufa uku ne na dangin harsunan da Larabci da Ibrananci da Aramiyanci suke ciki, waɗanda a rubutun Larabci suka yi daidai da ح ص ف. Tsohon wurin da aka fi sanin tushen ya bayyana shi ne littafin Daniyel na Tsohon Alkawari, a ɓangarensa da aka rubuta da Aramiyanci. Sarki Nebukadnezzar na Babila ya yi mafarki, ya tara bokayensa da masu duba ya ce su faɗa masa mafarkin da kansu sannan su fassara, in sun kasa a kashe su. A sura ta 2 aya ta 15 Daniyel ya tambayi shugaban dogarai dalilin da ya sa umarnin sarki ya yi tsauri da gaggawa haka. Kalmar da aka sa a wurin tsaurin nan daga wannan tushe take. A nan babu zancen kunya tukuna. Abu ne mai tauri, wanda ba ya lanƙwasuwa, ba ya sauraron roƙo.

Ku riƙe wannan taurin, domin da na gano shi sai da na yi murmushi ni kaɗai. Mu me muke cewa? Tsaurin ido. Bushewar ido. Ya ƙeƙashe ido. Balarabe kuma yana cewa waƙaha, kuma a tsohon Larabci kofaton dabba mai tauri ake siffantawa da wannan tushe kafin a ɗora shi a fuskar mutum. Su Yahudawa ma, masu wannan kalma, suna da wata magana ta daban mai nufin taurin fuska, da wata mai nufin taurin goshi. Al'ummu uku, kowa ya duba mara kunya ya ga wani wuri a jikinsa da ya kamata ya yi laushi amma ya sandare. Mu ido muka zaɓa, shi ya sa yaron kirki a wurinmu yake sunkuyar da kai, wanda ya lalace kuma a ce idonsa a tsakar ka yake.

Kalmar ta zama suna mai cin gashin kansa a rubuce-rubucen malaman Yahudawa. Wajen shekara ta 200 miladiyya suka tattara hukunce-hukuncensu na baka a kundin da ake kira Mishna. A ƙarshen babin Sota an jero alamomin ƙarshen zamani, kuma wadda aka fara da ita ita ce hutspa za ta yawaita. Sai tsadar kaya ta biyo baya. Sai a ce samari za su kunyata dattawa, tsofaffi za su riƙa miƙewa tsaye don yara, ɗa zai wulaƙanta ubansa, 'ya ta tasar wa uwarta, matar ɗa ta tasar wa surukarta, fuskar mutanen zamanin ta zama kamar fuskar kare, ɗa ba ya jin kunyar mahaifinsa. Wanda duk ya taɓa zama a majalisar dattawa bayan la'asar ya san wannan jerin ba baƙo ba ne, har da tsadar kayan. Babu ko ƙwayar yabo a ciki.

Amma malaman ba su tsaya a tsinuwa ba. Sun lura da wani abu mai ɗaci, wato abin yana ci. A Talmud, babban kundin sharhin Mishna da aka kammala a ƙasar Iraƙi ta yau bayan wasu ƙarnuka, a babin Sanhedrin, ana zancen Bal'amu, wanda masu zuwa tafsirin azumi suka sani da Bal'amu ɗan Ba'ura, mutumin da malaman tafsiri da yawa suka ce shi ake nufi a Suratul A'araf da wanda aka ba ayoyi ya saɓule daga cikinsu. A ruwayarsu an fara hana shi tafiya, ya nace, aka ce to tashi ka tafi. Sai wani malaminsu, Rab Nahman, ya ce hutspa ko a gaban sama tana yin tasiri. Wani kuma, Rab Sheshet, ya ce hutspa sarauta ce ba kambi. In da a Hausa ya yi maganar, sarauta ba rawani zai ce. Mai ita ba wanda ya naɗa shi, ba shi da dogari ba shi da tambari, amma ya shigo wuri sai ka ga ana matsa masa, don kowa na gudun abin da bakinsa zai furta. Wannan ba yabo ba ne, irin maganar nan ce da mutum ke yi yana girgiza kai. Kuma ba ta yi nisa da hadisin da yaranmu ke haddacewa a Arba'una ta Nawawi ba, na 20, cewa daga abin da mutane suka riska na maganar annabcin farko akwai: idan ba ka jin kunya, ka aikata abin da ka ga dama.

Daga makarantun malamai kalmar ta sauka kasuwa. Yahudawan da suka zauna a ƙasashen Jamusawa wajen shekara dubu da suka wuce sun samar da harshen Yidish, wanda ƙashin bayansa Jamusanci ne, ya ɗebi kalmomin addini da na shari'a da na ɗabi'a daga Ibrananci da Aramiyanci, daga baya da suka gangara Folan da Lituweniya da Yukiren ya ɗebi na can, kuma da harufan Ibrananci ake rubuta shi. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba. Yadda haƙuri da munafunci da albarka da hassada suka fito daga allo da zaure suka shiga bakin mai tallan goro, ana rubuta su da ajami, haka hutspa ta fito daga littafi ta shiga bakin mata a bakin murhu. Kafin yaƙin duniya na biyu masu jin Yidish sun kai wajen miliyan 11. Kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi ya tafi da Yahudawa miliyan 6, mafi yawansu masu wannan harshe. Amma kalmar ta riga ta bar zuriya a maƙwabta: Jamusawa na da ita, mutanen Folan na da ita, mutanen Holan ma suna da tasu da suka lanƙwasa daidai bakinsu.

Turanci kuwa ta jirgin ruwa ta shige shi. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan 2 suka bar gabashin Turai zuwa Amurka, suna gudun tsangwama da talauci, da yawansu suka cunkushe a Niyu Yok. 'Ya'yansu suka zama teloli, 'yan kasuwa, lauyoyi, 'yan jarida da masu wasan barkwanci, kalmomin gida suka bi su dandamali da kotu. A 1968 wani marubuci, Leo Rosten, ya fitar da littafi kan kalmomin Yidish, ya kawo misalin da har yau shi ake bayarwa in an tambayi ma'anar kalmar: mutumin da ya kashe uwarsa da ubansa, da aka gurfanar da shi sai ya roƙi kotu ta yi masa sassauci saboda shi maraya ne. Kalmar ta hau har Kotun Ƙolin Amurka, inda Mai Shari'a Antonin Scalia ya sa ta a rubutaccen ra'ayinsa a 1998, yana caccakar wata hukumar gwamnati.

Ku dubi misalin marayan nan da kyau, ranku ya daɗe, don duk wasiƙar nan a kansa ta rataya. Abin da ya sa ya zama hutspa ba kisan ba ne, kisa sunansa kisa. Ba roƙon sassaucin ba ne, kowane mai laifi na roƙo, na fassara irinsa ya fi a ƙirga. Abin shi ne ya ɗauki ɓarnar da ya yi da hannunsa ya mayar da ita hujjar neman alfarma. A cikin kalmar akwai mutum na biyu wanda ba a ambata ba, wato wanda aka cuta. Akwai gawa biyu a kwance a bayan maganar. Da zarar kun ce jarumta, kun share su daga labarin. Ma'aikatan kamfanin nan da aka sallama suna cikin kalmar Baturen, amma ba sa cikin taku.

Na san inda tuntuɓen ya fito, kuma ba laifinku ba ne gaba ɗaya. A Amurka kalmar ta yi sabon aure. Baƙon da ya sauka daga jirgi ba shi da kawu a ofis, ba shi da gona, ba ya jin harshen gari, in ya tsaya kawaici yunwa za ta kashe shi. Dole ya tura ƙofar da aka rufe, ya nemi aikin da aka ce ba na irinsa ba ne. A ƙasar da ke girmama wanda ya gina kansa da kansa, sai wannan hali ya fara samun tafi. A 1991 wani fitaccen lauya kuma malamin jami'ar Harvard, Alan Dershowitz, ya sa wa littafinsa wannan kalma a matsayin suna, yana kiran Yahudawan Amurka su daina noƙewa kamar baƙi. Yau 'yan kasuwar fasaha na Isra'ila suna tallata ta a matsayin sirrin nasararsu, alhali a titunan ƙasar in uwa ta daka wa ɗanta tsawa da kalmar, ba shi masa albarka take yi ba. Don haka in kun buɗe ƙamus na zamani za ku tarar da ma'ana biyu a jere, kuma mai sauri ta kusa yake ɗauka.

To ai mu ma muna da kalmar da ke da fuska biyu haka, kuma ita ce ta fi dacewa da wurin: ƙarfin hali. In aka ce wance ta yi ƙarfin hali ta riƙe marayu biyar da sana'ar ƙosai, yabo ne. In aka ce "kai, amma wane akwai ƙarfin hali," aka ja wasalin ƙarshe aka taɓe baki, an gama da shi. Kakanninmu kuma ba su bar abin ga murya kaɗai ba, sun ɗaura masa jela yadda ba mai kuskure: ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Ku auna wannan da marayan can. Ɓarawo ya zo ɗaukar kayanka, amma ya tsaya a ƙofa yana neman ka amsa masa da aminci, wataƙila har ka kawo masa ruwa. Mai gidan da za a yi wa sata yana cikin karin maganar, ba a share shi ba. Kalma biyar, ba ta fi daƙiƙa biyu a iska ba. Da ita aka faɗa a safiyar nan, da direban tifa tsaki zai yi.

Bari in ba ku nawa, don kada ku ce daga littafi kawai nake magana. Bayan na yi ritaya na tasar wa ɗaki biyu a bayan gida da kuɗin sallamata. Na ba wani magini kuɗin siminti buhu 30, ya kawo 10, ya yi kwana uku yana aiki, ya ɓace. Daga baya na ji sauran kuɗin sun tafi hidimar ƙarin aure. Damina ta sauka a kan ginin da ba rufi, bango ɗaya ya zube. Bayan wata huɗu, ranar wata Juma'a, ina zaune a zaure sai na ji sallama, irin doguwar nan mai haɗe da wa barakatuhu. Shi ne. Sabuwar shadda, hula zanna, turare na tashi. Ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmata, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, yaro ya kawo ruwa ya shanye ya nemi ƙari. Sannan ya gyara zama ya ce, "Baba, dama cewa na yi bari in leƙo, akwai cikon kuɗin aikina na kwana ukun nan. Kuma na ga bangon can ya faɗi, in za a tayar, kada a ba wani, ni na san ƙasar wurin."

Ido cikin ido ya faɗa, ko ƙiftawa babu. Ni da na shekara 26 ina fassara ƙaryar mutane a gaban alƙali, na buɗe baki na rasa kalma, ta Hausa da ta Turanci. Abin da ya fito dariya ce. Kuma, Allah Ya yafe mini, da zai tafi sai da na ba shi kuɗin mota, don ya ce ba shi da canji. Sai da ya sha kwana na tuna da sarauta ba rawani. Uwargida da ta ji komai daga tsakar gida ba ta ce jarumi ba ne. Cewa ta yi, "Malam, kunyar mara kunya asara ce," ta koma kan tukunyarta.

Ba ƙarfin hali kaɗai muke da shi ba, rumbunmu cike yake, kuma kowace kalma da inda take zama. Tsaurin ido na ƙarami ne a gaban babba, ko na mai laifin da ya ƙi sunkuyawa. Fitsara ta fi shi wari, kunnen Bahaushe ma har wani abu yake jiyowa a cikinta, kuma ita a bainar jama'a ake yin ta, da baki da jiki. Tsiwa ta baki ce, sau da yawa ta yarinya, wani lokaci har ana sha'awarta. Rashin ta ido na wanda ya ci amanar sabo ne, ya yi maka abin da ko don ganin idonka bai kamata ba. Rainin hankali kuwa shi ne a yi maka ƙaryar da mai yin ta ya san ka san ƙarya ce. Akwai borin kunya, na wanda aka kama ya tayar da hayaniya don a manta da abin da ya yi, wanda a kansa aka ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. In kuma mai laifi ne ya juyo yana tuhumar wani da laifin nasa, kura ce ke ce wa kare maye. Rabin labaran siyasar duniya da kuke karanta mana kullum, wannan ta ƙarshen ta ishe su.

Sai dai in na tsaya a nan na yi rabin gaskiya, kuma rabin da ya rage ya fi ba ni tsoro. Waɗannan kalmomi namu sanda ce, kuma yawanci a hannun babba take. Na halarci wani taron iyayen yara a wata makarantar firamare inda jikokina suke. An tara kuɗin gyaran rufin aji shekara biyu a jere, rufin na nan yadda yake. Shugabannin kwamiti na zaune a kan kujeru a gaba, mu muna kan benci, mata na can baya a tabarma. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, aka kawo batun sabon karo-karo. Duk mazan da ke wurin, har da ni, muka sunkuyar da kai. Sai wata bazawara mai sayar da awara ta miƙe daga baya, ta gyara mayafi, muryarta na rawa, ta ce, "Ranku ya daɗe, a gafarce ni, na bara da na bara waccan ina suka shiga?" Wuri ya yi tsit. Kafin a watse na ji wani daga cikin na kan kujera yana cewa, "Wannan mata akwai fitsara."

Ita ce fitsararriya, ba wanda ya cinye kuɗin rufi ya dawo da faranti ba. Kun ga yadda ake juya abin.

A nan ne ma'anar yabon ta kalmar baƙin take da gaskiyarta, kuma ba Amurka ce ta fara gano ta ba. A cikin Mishnar nan dai akwai maganar malaminsu Hillel cewa mai jin kunya ba ya koyo. Mu ma Buhari ya kawo daga Mujahid cewa mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi, ya kuma kawo yabon da Nana A'isha ta yi wa matan Ansar cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Yahudawa har sukan kira jayayyar da Annabi Ibrahim ya yi don neman a sassauta wa mutanen Annabi Luɗu da wannan kalma tasu, da nufin girmamawa. Ni bakina ba zai iya ɗora ta a kan Annabi ba. Alƙur'ani a Suratu Hud jayayya ya kira abin, kuma nan take ya bi shi da yabon haƙuri da tausayi. Amma na gane abin da suke nufi: wanda ya tsaya gaban mai iko yana roƙa wa wasu, ba ɗaya yake da wanda ya tsaya gaban wanda ya cuta yana roƙa wa kansa ba.

Don haka abin da nake roƙonku ba wai ku cire jarumta ku sa fitsara a ko'ina ba. In kun yi haka kun gudu daga rami kun faɗa rijiya. In kalmar ta zo muku a kan tebur, ku tambayi labarin abu biyu kafin ku taɓa ƙamus: wa ya yi wa wa, kuma mai maganar tafi yake yi ko tsaki. In ƙaramin ma'aikaci ne ya tashi a taro ya tambayi shugaba inda kuɗin fansho suka shiga, ku ce ya yi ta maza, ko ya yi ƙarfin hali, ku faɗe ta da muryar yabo, ko ku ce bai ji tsoron ido ba. In yarinya ce ta nemi gurbin da aka ce ba na mata ba ne har ta samu, ku ce ta yi zarra. In kuwa wanda ya kashe kamfani ne ke neman lada, ko gwamnatin da ta rushe gidajen mutane ta aiko musu da takardar kuɗin aikin rusau, ga ɓarawo da sallama nan yana jiran ku.

Kuma don Allah kada wani ya ce a aro kalmar yadda take, wai don ba mu da irinta. Na fara ganin samari masu rubutu a Facebook suna jefa ta cikin Hausarsu da ma'anar yabo zalla, sun tsinto ta daga littattafan koyon kasuwanci. Wanda ke da rumbu bai kamata ya je aron tsaba ba, balle tsabar da aka riga aka sheƙe rabinta a hanya. Gidan da kuka gada ba na masu aro ba ne. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Zariya a 1939, magabatanku a wannan sana'a suke zama su tauna baƙuwar kalma har ta narke. Haka muka samu Majalisar Ɗinkin Duniya, da jirgi mai saukar ungulu, da yaƙin cacar baka, da ƙunar baƙin wake. Yau tsohuwa a ƙauye na faɗin su ba ta san an taɓa rasa su ba. Abin da kuka faɗa da safe, kafin azahar ya shiga kasuwa, kafin shekara ya zama Hausa. Wannan iko ba kowane sarki ke da shi ba.

Akwai wani abu kuma da nake so ku sa wa ido, don abin da ya sami kalmar nan a Niyu Yok ina jin ƙamshinsa a gida. Da can in an ce idon yaro ya buɗe, jaje ake yi wa iyayensa. Yanzu a wasu bakunan buɗewar ido wayewa ce. Wanda ya karɓi bashi ya hana, ya dawo neman wani, sai ka ji ana cewa ai wane gogagge ne, ya san duniya. Harshe na canzawa, ban isa in hana ba, ku ma ba ku isa ba. Amma tsakanin ku bi canji a baya da ku ja shi a gaba da bakinku akwai tazara.

In editanku ya ga dama ya karanta wannan a filin wasiƙun masu sauraro, na yafe a taƙaita, na san ta yi tsawo, tsufa ne. Abin da kawai ban yafe ba shi ne a furta kalmar da sautin cokali. Mai shayinmu na kunna rediyo tun bayan asuba, ina nan a ƙarshen benci wajen tukunyar ruwan zafi.

Maginin nan kuwa, makon jiya ya aiko ɗansa da gaisuwa, wai in ara masa tsani.

Wassalam.

Naku,
Tsohon tafinta, mai sauraronku kullum.